Kakanmu masanin kimiyya ya rasu a ƙasar waje, ta ina za mu fara tattara tarihinsa?

Jikar Dakta

Assalamu alaikum. Kakanmu na wajen uwa ya rasu wata huɗu da suka wuce, ya haura shekara tamanin da biyar. Masanin kimiyyar sinadarai ne. Ya bar gida yana saurayi ya tafi Ingila karatu, wasu a dangi sun ce 1959, wasu sun ce 1961. A can ya yi digirin digirgir, daga baya ya ƙaura Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960, ya yi aiki a wani kamfani, sannan ya koyar a jami'a har ya yi ritaya.

Mu jikoki muna son mu haɗa ɗan littafin tarihinsa, wanda zai nuna aikinsa, ya kuma nuna shi a yadda muka san shi. Abin da ya bari: kwali goma sha ɗaya na takardu da wasiƙu, littattafan ɗakin gwaji masu bangon fata, albam na hotuna da ƙananan hotunan majigi, kaset wajen talatin, faifan fulofi, da wani ƙaramin akwatin katako mai kwalabe a ciki. Babu wanda ya karanta kimiyya a cikinmu. Don Allah masana, me za mu fara taɓawa, me kuma bai kamata mu taɓa ba?

Ɗan Ɗakin Gwaji

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, kafin komai, akwatin kwalaben nan. Kada a buɗe ko ɗaya, kada a girgiza, kada a sunsuna, kada a zuba a magudanar ruwa. Masanan zamaninsa sun saba tafiya gida da samfurin abin da suka haɗa don tunawa, kuma wasu sinadaran suna ƙara haɗari in sun tsufa. Asid ɗin pikrik, wanda yake garin lu'ulu'u ne ruwan ɗorawa, a jiƙe ake ajiye shi. In ya bushe, musamman a bakin murfin ƙarfe, murɗa murfin kawai na iya tayar da shi. Dangin sinadarin da ake kira ita (ether) kuma, in sun daɗe da iska a cikin kwalba, sukan tara wani farin gari mai fashewa a gindi ko a wuyan kwalbar. Ku ɗauki hoton rubutun jikin kowace kwalba a inda take, ku kira ofishin kula da lafiyar ɗakunan gwaji na jami'ar da ya koyar, ko 'yan kwana-kwana, su za su faɗa muku wanda zai zo ya kwashe. Hoton rubutun hannunsa a jikin kwalba ya wadatar wa littafinku. Kada a ce ai shekaru sun wuce, ƙarfinsu ya mutu: littattafan rubutun Marie Curie har yau a akwati mai rufin dalma suke a babban laburaren Faransa, saboda sinadarin radiyom da ya taɓa su sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

Sai littattafan ɗakin gwajin. Ku duba bangon ciki. In akwai hatimin kamfani da lamba, a bisa al'adar aikin littafin mallakar kamfanin ne ba nasa ba, don haka kada ku ɗora shafukansa a intanet sai kun nemi izini a rubuce. Amma ku karanta gindin kowane shafi. Za ku ga sa hannu biyu da kwanan wata: nasa, da na wani abokin aiki da ya shaida cewa ya karanta ya fahimta. Dalili shi ne har zuwa Maris 2013, dokar Amurka tana ba wanda ya fara ƙirƙiro abu haƙƙinsa, ba wanda ya fara shigar da takarda ba, shi ya sa kamfanoni suke tsananta wa ma'aikata kan shaida. Sunan da ya fi maimaituwa a matsayin shaida, wannan shi ne mutumin da ya zauna a teburin da ke gefensa shekara da shekaru. Shi za ku nema, ko iyalinsa.

Malamar Laburare

Allah ya gafarta masa. Ni zan ɗauki ɓangaren abin da ya wallafa, don shi ne mafi sauƙin samu, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Ki fara da rubuta duk siffar da sunansa ya taɓa ɗauka. Wanda ya yi ƙaura sau biyu da wuya sunansa ya tsira a siffa ɗaya. Makarantar farko ta rubuta shi iri ɗaya, mai yin fasfo ya sauya harafi, jami'ar Ingila ta mayar da sunan uba ko sunan gari ya zama sunan iyali, mujalla kuma ta datse sauran zuwa haruffan farko. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya je Amurka karatu ya kuma ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999, a takardunsa A. H. Zewail za ki gani. Shi sunansa ba ya da yawan takwarori. Mai suna Muhammad ko Ibrahim kuwa, sai ki tarar da mutum ashirin masu haruffa iri ɗaya. Lambar ORCID da ke raba masu suna ɗaya sai 2012 aka fara ta, kakanku ba lalle ya taɓa yin ta ba. Abin da zai raba miki su shi ne adireshin da ke ƙarƙashin sunan marubuci a shafin farko, da sunayen waɗanda suka yi rubutun tare.

Daga nan sai kundin digirinsa. Shi ne takarda mafi daraja a wurinku, ba don lissafin da ke ciki ba, don shafin godiya. A nan zai ambaci malamin da ya duba aikin, da hukumar da ta biya masa kuɗin karatu, da ma'aikacin da ya hura masa gilasan gwaji, da wadda ta buga masa a tafireta, wani lokaci har da iyayensa. Rumbun EThOS na Laburaren Birtaniya, mai tara kundayen digirin digirgir, shi ne hanyar da aka saba bi, amma ya samu tangarɗa bayan harin da aka kai wa kwamfutocin laburaren a Oktoba 2023. Gara ki rubuta kai tsaye zuwa laburaren jami'ar, ki ba su suna da shekara da sashe. Ki kuma nemi ofishin adana tarihin jami'ar ya duba katin rajistarsa. Yawanci akwai ranar shiga, adireshin masauki, da makarantar da ya fito.

Takardun mujalla: Google Scholar zai ba ki mafari, amma yana tsallake tsofaffin abubuwa da yawa. A fannin sinadarai, ma'aunin gaskiya shi ne Chemical Abstracts, wanda yake taƙaita duk abin da aka wallafa tun 1907. Ba kyauta ba ne, amma jami'o'i da yawa masu sashen sinadarai suna da shi, kuma ma'aikacin laburare zai iya fitar miki da jerin cikin rabin awa. Kafin ki sha wannan wahala, ki laluba kwalayen: kusan kowane malamin jami'a yana da takardar tarihin aikinsa mai jerin wallafe-wallafe, wadda yake sabuntawa duk lokacin neman ƙarin girma. Ki nemi ta ƙarshe.

Shekarunsa na kamfani ba za su fito a mujalla sosai ba, a takardun haƙƙin ƙirƙira za su fito. Ki bincika Google Patents da Espacenet. Abu biyu ki lura. Na ɗaya, takardun Amurka na kafin 1976 hoto aka ɗauka, kwamfuta ce ta karanto rubutun, tana kuma yawan ɓata sunaye, don haka in sunansa bai fito ba ki gwada sunan kamfani haɗe da shekara. Na biyu, akwai layin wanda ya ƙirƙira, akwai layin wanda ya mallaka. Sunansa zai kasance a na farko, kamfani a na biyu. Kuma haƙƙin yana ƙarewa bayan shekara 17 zuwa 20, na faɗa ne don kada wani a dangi ya ga takardar ya soma lissafin gado.

In ya yi rajista da ƙungiyar masana a Ingila, ki sani Royal Society of Chemistry sai 1980 aka kafa ta, daga haɗewar ƙungiyoyi huɗu. Katin da za ki gani a kwalinsa zai ɗauki tsohon suna, kamar Chemical Society ko Royal Institute of Chemistry.

Mai Rikoda

Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda a fara daga nan ba. Takardar da aka wallafa a 1972 za ta jira ku shekara hamsin nan gaba ba abin da zai same ta. Ƙanwarsa mai shekara tamanin ba za ta jira ba. Yau ɗin nan ku zauna ku jera sunayen duk wanda ya san shi kafin a haife ku, ku tsara su bisa shekaru da ƙarfin jiki, ku fara da wanda ya fi rauni. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a watannin farko bayan rasuwa mutane sun fi sakin baki.

Yadda ake zaman: mutum ɗaya a lokaci ɗaya. In kuka tara tsofaffi uku, mai ƙarfin murya zai cinye zaman, sauran su riƙa gyaɗa kai. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ya isa, in akwai saura a dawo wani jiƙon. Ɗaki mai labule da kafet, a kashe fanka da talabijin, a nisanci firij. Waya ta isa in babu rikoda, amma a sa ta a yanayin jirgin sama, a ɗora ta kan tawul da aka ninka kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana, a gwada minti ɗaya a saurara kafin a shiga magana. A farkon ɗauka a faɗi kwanan wata, da sunan mai magana, da yardarsa cewa za a yi amfani da maganar a littafi.

Tambayar da ta fi kashe hira ita ce "wane irin mutum ne shi?" Amsar da za ku samu ita ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, shi ke nan. Ku tambayi abin da ido ya gani. Ranar da zai tafi, wa ya raka shi, me ke cikin akwatinsa? Wasiƙarsa ta farko, wa ya karanta wa mahaifiyarsa? Da ya dawo ziyarar farko, me ya sauya a maganarsa? Me yake yi in gwaji ya lalace? Ku riƙe hoto ɗaya ko biyu ku miƙa, hoto yana buɗe bakin da tambaya ta kasa buɗewa. In mai magana ya yi shiru, ku ma ku yi shiru, ku ƙirga goma a zuci. Abin da ke biyo bayan shirun ya fi abin da ya gabace shi. In ya faɗi shekarar da kuka san ba daidai ba ce, kada ku gyara masa a wurin. Sannan ku shirya wa rubutawa: awa ɗaya ta magana tana cin awa huɗu zuwa shida kafin ta koma takarda, kuma manhajojin da ke rubuta magana suna rikicewa in tsoho yana tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan.

Kaset kuma. Kafin a saka ko ɗaya a inji, a karya 'yan harsunan roba biyu da ke saman kaset ɗin, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka ya shafe muryarsa. A duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya. Gam ɗinta yakan saki da tsufa, in ta faɗi sauti zai fito a dushe, kuma ana iya mayar da ita. In an ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, funfuna ce, a ware shi a kai wa masu aikin, don zai gurɓata inji ya shafa wa sauran. A goge kan injin da auduga da giyar goge-goge (isopropyl) mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a fara gwada injin da kaset marar amfani, saboda tsohuwar roba ta cikin inji ita ke tauna zare. Masu lamba C120 zarensu ya fi siriri, su suka fi tsinkewa, a bar su ƙarshe in hannu ya saba. Ku guji 'yan ƙananan injinan nan masu arha da ke juya kaset zuwa MP3 kai tsaye, gudunsu ba ya tsayawa daidai, murya sai ta riƙa rawa. A nemo babban inji mai kyau, a jona shi da kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity a tsarin WAV, kilohaz 48 da bit 24 aƙalla. Gidajen adana sauti kilohaz 96 suke yi. Awa ɗaya a 48 tana cin kusan gigabait ɗaya. Kada a tace ƙara a kwafin asali, a yi wani kwafin daban don saurare. Kuma a saurari kowane kaset har ƙarshensa ko da an rubuta sunan lacca a jiki, mutanen da sukan ɗauki saƙon murya na iyali a kan ragowar zare.

Ma'ajin Takardu

Allah ya sa ya huta. Maganar 1959 ko 1961 ba ƙaramin bambanci ba ne wajen bincike. Jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka shiga Birtaniya daga wajen Turai, wanda ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Birtaniya a unguwar Kew da ke Landan ƙarƙashin lamba BT 26, ya tsaya ne a 1960. In 1959 ya shiga ta ruwa, za ku iya ganin sunansa, shekarunsa, sunan jirgin, tashar da ya sauka da adireshin da ya ce zai zauna. In 1961 ne, ko ta sama ya zo, ba za ku same shi a nan ba, sai dai hatimin tsohon fasfo ko katin rajistar jami'a ya raba gardama.

Ɓangaren Amurka ya fi kauri. Duk wanda ya samu izinin zama na dindindin yana da fayil mai lamba da ta fara da harafin A, lambar tana jikin katin zamansa da takardar zama ɗan ƙasa. Fayil ɗin yakan ƙunshi takardar neman biza, hotuna, shaidar haihuwa ko rantsuwar da ta maye gurbinta, da wasiƙar wanda ya ɗauke shi aiki. Mutane da yawa sukan ɓata lokaci a sashen binciken asali na hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka (USCIS), alhali wancan sashen tsofaffin fayiloli yake riƙe da su, na wajen 1951 zuwa baya. Na wanda ya shiga ƙarshen shekarun 1960, ta dokar 'yancin samun bayanai ake nema a hukumar, a haɗa da shaidar rasuwa. Yana ɗaukar watanni, don haka a tura yanzu a ci gaba da sauran aiki. In ya zama ɗan ƙasa kafin Oktoba 1991, a kotu aka rantsar da shi, sunan kotun na jikin takardar. Akwai kuma fom SS-5 da ya cike lokacin neman lambar inshorar zamantakewa, wanda ke ɗauke da sunan uwa da uba da wurin haihuwa yadda shi da kansa ya faɗa. Ƙidayar jama'a ba za ta taimake ku ba tukuna, Amurka tana rufe ta shekara 72, ta 1950 ce aka buɗe a 2022.

Yanzu kwalayen. Kuskuren da ya fi kowanne shi ne a zazzage su a ƙasa a ce za a jera bisa shekara. Yadda ya ajiye su bayani ne. Wasiƙa marar kwanan wata da ke tsakanin takardu biyu na 1974 ta faɗi shekararta. Da kin ɗauke ta daga wurin, ta zama marainiya. A ba kowane kwali lamba, kowane fayil lamba, a rubuta layi ɗaya na abin da ke ciki, a bar komai a jerinsa. Abin da za a cire kawai shi ne abin da ke cin takarda: robar ɗauri, kilif mai tsatsa, da yankakkun jarida, waɗanda tsaminsu ke rina maƙwabtansu. Ba selotef, ba gam, kuma kada a kai komai a manne shi cikin leda mai zafi, ba a iya warware shi. Takardun faks masu santsi da tsofaffin rasit rubutunsu yana gushewa da kansa, su za a fara kwafa. Ambulan a bar ta da wasiƙarta, hatimin gidan waya da kan sarki sukan fi wasiƙar faɗin gaskiya. Wurin ajiya ya zama cikin gida inda mutane ke zama, ba gareji ba, ba ƙarƙashin rufi ba. Zafi ƙasa da digiri 21 in zai yiwu, laima kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In ta haura 65, funfuna za ta kama.

Sikanin: takardu ɗigo 300 zuwa 400 a inci, da launi ko da rubutun baƙi ne, don launin tawada yana nuna abin da aka ƙara daga baya. Hotuna ɗigo 600 a tsarin TIFF, gaba da baya. Hoto mai santimita 10 da 15 zai ba da fayil na kusan megabait 25. Hotunan majigi da nagatif kuwa suna buƙatar 2,400 zuwa 4,000, saboda faɗinsu milimita 24 da 36 ne kacal, a 600 ba abin da za a gani. Maɓallin share ƙura ta hasken infrared a kashe shi in fim ɗin baƙi da fari ne ko Kodachrome, yana ɓata su. Albam mai shafi mai danƙo a ɗauki hoton shafin gaba ɗaya tukuna, in hoto ya ƙi ɗagowa a bar shi. Rubutu a bayan hoto da fensir mai taushi, ba biro ba. In akwatin fim yana warin tsami kamar binega, ruɓewa ya soma, a ware shi a sa shi a gaban layi. Fulofi mai inci uku da rabi ana karanta shi da ɗan injin USB, a tura ɗan maɓallin kulle kafin a saka. Manhajar LibreOffice tana buɗe yawancin fayilolin WordPerfect, tsohuwar manhajar rubutu. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana. Kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida daban.

Jikar Dakta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An kira jami'ar kan kwalaben. Saura biyu. Fasfonsa ya ce 1 ga Janairu aka haife shi, katin makaranta kuma ya ba shi wata shekarar daban. Sannan kawunmu yana son a rubuta cewa shi ya ƙirƙiro wani sinadari da ake amfani da shi a masana'antu, amma takardar da muka gani sunaye biyar ne a kai, nasa na uku.

Malamar Laburare

Ɗaya ga Janairu yawanci ba ranar haihuwa ba ce, ranar da ma'aikaci ke cikewa ce in mutum ya san shekara bai san rana ba. Shekarar ma akan rage ta ko a ƙara don a samu shiga makaranta ko gurbin tallafi. Kada ki zaɓi ɗaya ki ɓoye ɗayar. Ki buɗe jadawali mai layi huɗu: abin da ya faru, shekara, inda aka samo, da ƙarfin shaidar. Takardar da aka rubuta kusa da lokacin da abin ya faru ta fi wadda aka rubuta bayan shekara talatin nauyi. A littafin sai a ce fasfo ya ce kaza, makaranta ta ce kaza, ƙanwarsa ta ce an haife shi shekarar da aka yi kaza. Mai karatu zai fi yarda da sauran littafin in ya ga haka.

Maganar kawu kuwa, a lallashe shi. Abokan aikin marigayin za su karanta littafin nan, kuma su sun san wanda ya yi me. A takardar mujalla ta sinadarai, an saba na farko shi ne wanda ya yi yawancin aikin hannu, na ƙarshe ko mai tauraro a gefen suna shi ne shugaban ɗakin gwajin, na tsakiya sun ba da wani ɓangare. Amma wannan ba doka ba ce. Masu lissafi bisa jerin haruffa suke yi, wasu tsofaffin shugabanni kuma kullum sunansu ke gaba. A takardar haƙƙin ƙirƙira jerin sunaye ba ya rage wa kowa matsayi, duk wanda aka rubuta mai ƙirƙira ne a idon doka. Saboda haka jumlar da ba wanda zai musa ita ce: yana ɗaya daga cikin mutum biyar da suka ƙirƙiro hanyar yin kaza, a shekara kaza, lamba kaza. Ku nemi ɗaya daga cikin huɗun, ko tsohon ɗalibinsa, ya rubuta shafi ɗaya da amsar tambaya uku: mece ce matsalar kafin aikin, me shi ya yi da hannunsa, me ya sauya bayan haka. Ku ce ya rubuta kamar yana yi wa ɗan shekara goma sha biyar bayani. Kada ku cika littafin da adadin waɗanda suka ambaci takardunsa, lambar tana bambanta daga rumbu zuwa rumbu, kuma wanda ya yi rabin aikinsa a kamfani kullum za ta nuna shi ƙasa da yadda yake.

In kuna son ganin yadda ake gina irin wannan rubutu, tarihin mambobin da suka rasu na Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, da na Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka suna intanet. Ku ɗauki tsarinsu, amma kada ku ɗauki sanyinsu. Su abokan aiki suke rubuta wa. Naku yana da abin da nasu ba ya da shi, kuma kada a raba shi gida biyu, babin masani daban babin kaka daban. Mutumin da ke rubuta kwanan wata a kan kowane shafin gwaji, ku duba ko ba shi ne ke rubuta kwanan wata a bayan kowane hoton jika ba. Kowane jika ya ba da abu ɗaya da ya gani da idonsa, layi biyar zuwa goma, ban da kalmar "mutumin kirki".

Ma'ajin Takardu

Ƙari kaɗan kafin a kai wa mai bugawa. A rufe lambar A, lambar inshorar zamantakewa, lambar fasfo da sa hannunsa a duk hoton takarda da zai shiga littafin, haka ranakun haihuwa da adireshin waɗanda ke raye. Wasiƙar da wani ya aiko masa, takardar taku ce amma maganar ta mai rubutun ce, a nemi yardarsa ko ta magadansa. Takardun mujalla kuma yawanci haƙƙinsu na kamfanin bugawa ne, a sa suna da shekara da lambar DOI, wadda ake gano takardar da ita a intanet, maimakon a kwafe su ɗungurungum.

In kun yi niyyar ba jami'a ko wata cibiya irin Science History Institute da ke Filadelfiya takardun, ku tuntuɓe su kafin ku zubar da komai. Abin da iyali ke ɗauka shara, irin su daftarin da aka yi wa gyara da jan biro da wasiƙun ƙin karɓar takarda, shi suka fi so. Kwafin mujallu da aka buga kuwa suna da su. Za su ba ku yarjejeniyar kyauta ku sa hannu, kuma kuna da damar sa sharaɗin a rufe wasiƙun iyali na wasu shekaru. Ku gama sikanin tukuna, don in kwali ya shiga ma'ajiya yakan daɗe a layi kafin a tsara shi a buɗe wa masu karatu.